Jajjagen da Ba a Soyawa

A shekararmu ta biyu a garin Greensboro na Amurka, gajiya ce babbar abokiyar zamana. Ba irin ta gida ba, wadda za ki yi daka, ki ɗebo ruwa, ki kwanta ki tashi garau. Wannan ba ta da wani dalili da zan nuna wa mutum. Inji ke wanki, famfo yana cikin ɗaki, murhu da maɓalli ake kunna shi, amma kafin azahar sai in ji kamar an ɗora mini buhun gero a kafaɗa. Maigidana yana karatu a jami'a, da yamma kuma ya wuce wani sito inda suke jera kaya a kwalaye. 'Yata ta fari motar makaranta ke ɗauke ta tun da safe. Sai ya rage daga ni sai ƙaramin ɗana, sai ƙugin motocin titin Wendover da ba ya yankewa. Titin nan ba a yi shi don mai ƙafa ba. Na taɓa gwada tsallaka shi da goyo don in sayo gishiri, na maƙale a tsakiya ina ta salati har wani bawan Allah ya taka mini burki. Ban sake ba.

Ƙofar da ke kallon tamu a saman bene ta wata 'yar Meksiko ce. Shekarun casa'in ne, lokacin da suka fara yawa a garin. Mijinta rufin gidaje yake yi, ya fita kafin gari ya waye, ya dawo bayan isha'i jikinsa duk warin kwalta. Ita kuma kafin cikinta ya tsufa tana zuwa unguwar Sedgefield tana goge gidajen masu hali. Mun daɗe gaisuwarmu ba ta wuce ɗaga hannu a matakala ba, sai da ta haihu. 'Yan biyu ta samu, duka mata. Na ga an dawo da ita daga asibiti babu uwa, babu gwaggo, babu mai dafa mata ruwan wanka, abin ya tsaya mini a rai. Na dama kunun gyaɗa da markaɗaɗɗiyar gyaɗar nan ta kwalba, na zuba a fulas, na ƙwanƙwasa mata.

Tun ranar nake kiranta Uwar Biyu. Na yi mata bayani da Turancina na sakandare da kuma yatsu, ta gane, ta ji daɗi, har takan buga ƙirji ta faɗa da bakinta. Ita kuma tana ce mini Besina, wato maƙwabciya a yarensu. Turancinta guntu ne, nawa kuma kunnenta bai saba da shi ba, amma mata biyu da jarirai a tsakaninsu ba sa rasa abin faɗa.

Da za ta dawo mini da fulas ɗin, sai ta haɗo da wani ɗan kwano mai murfi. Na buɗe na ga jajjage: tumatir, barkono, albasa, da ɗan kore-koren ganye. Na ce a raina, Allah sarki, mace tana jego da 'yan biyu, amma ta tuna ta rage mini aiki. Na ɗora tukunya, na zuba mai, na juye, na soya shi sosai, muka ci da shinkafa. Maigida har da cewa miyar yau ƙamshinta daban ne. Washegari na gaya mata ya yi daɗi ƙwarai, ta yi ta murna. Ni da ita babu wadda ta san abin da ɗayar take nufi.

Sai daga baya na ga yadda take yi. Na shiga wata rana da hantsi in riƙe mata babbar cikin 'yan biyun don ta samu ta sa wani abu a cikinta. Ta ɗora busasshen kasko a wuta, ko ɗigon mai babu. Ta jera tumatir a kai yadda suke, da wani koren barkono mai tsawon yatsa, da tafarnuwa a cikin ɓawonta. Tana juya su da hannu tana hura yatsunta, har fatar tumatirin ta yi baƙi-baƙi ta tsage. Sannan ta jawo turminta. Na dutse ne, baƙi, mai ƙafa uku, da ɗan dutsen niƙansa da bai wuce tafin hannu ba. Ta ce mahaifiyarta ce ta ba ta, a jakar baya ta ɗauko shi tun daga garinsu, ta bar takalma don ya samu wuri. Ta fara murje tafarnuwa da gishiri, sai barkono, sai tumatir. Ta yanka albasa ƙanana ta watsa, ta tsinka wani ganye mai kama da na karas amma mai ƙamshi mai hawa kai, ta matsa lemon tsami. Ni dai ina jiran in ga ta ɗauko mai. Sai kawai ta ɗora turmin a kan tebur, ta ɗumama wata siririyar gurasarsu ta masara, ta yaga, ta dangwala, ta kai baki.

Na ce, "Uwar Biyu, ba za ki soya ba?"

Ta ce, "In soya me?"

Na nuna turmin. Ta yi dariya bakinta cike. Ta ce sunansa salsa, kuma an gama.

Ba wai mu ba ma cin ɗanyen tumatir ba ne. Muna yanka shi a kwaɗon zogale, muna sa shi a kan wake da shinkafa. Amma da zarar ya shiga turmi, to ya zama na tukunya. Mahaifiyata tun daga zaure take jin ƙamshin miya ta ce tsaminta bai fita ba, a mayar. A gidanmu, mace ta kai wa mutum miyar da mai bai taso a kanta ba, magana ce da za ta bi ta har gidan suna. Don haka da na dubi Uwar Biyu, idonta ya faɗa don rashin barci, rigarta duk tumbuɗi, sai na yanke hukuncina ni kaɗai: baiwar Allah nan ba ta da lokacin ƙarasawa ne. Ta kai rabin hanya ta gaji, har ta saba da cin sa haka. Ta miƙo mini gurasar, ta fara nuna mini ledar tana cewa babu alade, don ta riga ta san ni da wannan tambayar. Na ɗan dangwala don kara, na haɗiye ban tauna ba.

Haka muka ci gaba har bazara ta shigo da zafin nan nasu mai ɗanko, wanda ko wanka kika yi kamar ba ki yi ba. Ina cikin sallar azahar wata rana na ji ƙara daga ɗakinta. Ba irin ƙarar wanda ya ƙone ko ya faɗi ba. Duk macen da take zaune nesa da gida ta san wannan ƙarar, don kullum tana jin tsoron ranar da za ta fito daga bakinta. Na sallame na fita ko hijabi ban cire ba. Na same ta zaune a ƙasa, kan wayar yana reto a jikin igiyarsa. Mahaifiyarta ce. Da safe ta faɗi a tsakar gida, kafin a samo mota rai ya yi halinsa.

Ba ta da halin tafiya. Idan ta fita ƙasar, takardun da za su dawo da ita wurin mijinta babu su. Aka binne uwar tana nan tana kallon bango.

A garinmu da yanzu gida ya cika, an shimfiɗa tabarmi har waje, maƙwabta suna ta shigo da kwanuka, wata ta karɓi jaririn nan, wata ta goya wancan, mai makoki ba ta taɓa ko tsinke. A nan, abokan aikin mijin su biyu suka zo ranar Lahadi, suka tsaya a bakin ƙofa da huluna a hannu, suka tafi. Ranar Litinin shi ma ya koma kan rufi, don wanda bai je ba wani ake ɗauka. Sai ya zama ni ce zaman makokin gaba ɗaya. Da na sallami 'yata, sai in ɗauki ƙaramina da carbina in shiga. Ta kunna kyandir a gaban hoton mahaifiyar, kusa da wani hoton na addininsu. Nakan zauna in ba su gefe, in ja carbina, in roƙa mata haƙuri a wurin Allah. Ba ta hana ni ba, ni ma ban ce mata komai a kan kyandir ɗinta ba.

Kukan ma bai daɗe ba ya tsaya. Abin da ya biyo baya ya fi shi ban tsoro. Ta kwanta ta juya wa ɗaki baya, ta daina cin abinci. Ruwa kawai take kurɓa, shi ma sai na tsaya a kanta. Na dama kunu, ta ce ta gode, ya huce a inda na ajiye. Na yi farfesun kaza, na yi shinkafa mai ruwa-ruwa, na yi shayi mai kauri. Duk sai in dawo in ɗauke abina yadda na kawo.

Mai shayar da biyu kuwa ba ta yin haka ta kwashe lafiya. Nono ya fara ja baya. Babbar ba ta da matsala, da muka haɗa mata madarar gwangwani ta kama kwalba kamar dama jira take. Ƙaramar ce. Tun haihuwa ita ce 'yar firit, kuma ta ƙi kwalba ƙememe. In sa mata a baki ta turo da harshe, in ɗiga mata da cokali ta ƙware. Sai in kai ta wurin uwar, ta kama ta tsotsa ta tsotsa, ta saki ta fashe da kuka, uwar tana kwance kamar ba a jikinta ake ba. Daga baya kukan ya zama siriri. Nakan sa yatsa a maɗigarta ina dubawa. Ƙyallenta ma ya rage jiƙewa.

Na gaya wa maigida. Ya ce, "Maman yara, wannan ya wuce kunu. Idan abin ya ƙara kwana, asibiti za mu kai su, ko suna so ko ba sa so."

Ya yi gaskiya. Amma na san yadda suke tsoron duk inda za a tambaye su takarda, kuma na san ko an ƙara wa yarinyar ruwa an sallamo ta, wurin uwar da ba ta ci za ta dawo.

Da yammacin Juma'a na haɗu da mijin a matakala, yana hawowa da ƙyar. Na tambaye shi ko akwai abin da take so, ko mene ne. Ya goge fuska da hularsa. Ya ce ba ta magana sai a kan madafar mahaifiyarta. Wai tun suna yara, duk wanda ya yi ciwo ya tashi, abin da uwar ke fara ba shi gurasa ce mai zafi da salsa. Ya ce shi bai iya ba, ta kwalba ya sayo a shago, ko kallonta ba ta yi ba.

Na ce, "Ni na iya. Na ga yadda take yi."

Ranar Asabar ita ce kaɗai ranar da maigida yake ramuwar barci, amma na tashe shi. Na ce ya kai ni wajen Pleasant Garden, can bayan gari, inda muka taɓa ganin wani tsoho Bature yana sayar da kayan gonarsa a gindin bishiya.

Ya ce, "Duk tumatirin da ke shagunan Wendover bai ishe ki ba?"

Na ce, "Malam, waɗancan ba tumatir ba ne, hotonsa ne."

"To, a soya hoton mana. Mu da muke cin sa kullum mun mutu?"

Yana mita yana neman makullin mota. Muka kwashi yaran muka tafi. Tumatirin tsohon nan kuwa na gaske ne, wani a karkace, wani ya tsage ta sama, idan kika taɓa sai ƙamshin ganyensa ya bi hannunki, irin na lambun bakin rafi. Na cika leda. A hanyar dawowa muka tsaya na sayi koren barkonon, da ganyen, da lemon tsami, da gurasarsu.

Na yi komai yadda na gani. Na gasa a busasshen kasko har ƙararrawar hayaƙi ta ɗauki ihu, maigida ya hau kujera yana yi mata fifita da tawul yana cewa yau sai an kore mu daga gidan nan. Na jawo ɗan turmina na itace, na ninka bargo a ƙarƙashinsa saboda mutumin da ke ƙasanmu, wanda da ya ji daka sai ya hau bugun silinsa da sandar tsintsiya. Tafarnuwa da gishiri, barkono, tumatir, albasa, ganye, lemon tsami. Na juye a kwano na tsaya ina kallo. Daidai yake da nata, har baƙin fatar nan da ke yawo a ciki.

Na ɗauki murfi zan rufe, hannuna ya ƙi. Gidan makoki zan kai wannan. Matar da ta rasa uwa, ta yi kwana da kwanaki ba ta ci ba, in shiga mata da ɗanyen jajjage a kwano kamar wadda aka aika ta kai wa mai girki? Ita da take yin sa haka, ai don babu mai taimaka mata ne. Yau ga ni. Kuma a raina na tabbata mahaifiyarta, da take da lokacinta da tsakar gidanta, ba a nan take tsayawa ba.

Na ɗora tukunya. Na zuba mai ban yi rowa ba, na soya albasa har ta yi ja, na juye jajjagen ya yi ƙara. Na jefa dunƙule. Sannan na buɗe gwangwanin da nake ɓoyo a can ƙarshen kabad, na ɗauko sauran daddawar da mahaifiyata ta ƙulle mini a tsumma ranar da za mu taso. 'Yar kaɗan ta rage, ina tattalinta don azumi. Na daka ta duka na zuba. Na tsaya a kanta ina juyawa, zufa tana bin bayana, har ruwan ya ƙone, tsamin ya fita, mai ya taso ya kwanta a sama ja wur. Rabon da in yi miya mai kyan wannan tun a gida. Na zuba a kwanon da nake ajiye wa baƙi, na ɗora gurasar a faranti, na yi bisimilla na tsallaka.

Mijin ya riga ya gaya mata Besina tana yi mata salsa. Na same ta a zaune a bakin gado, karo na farko, gashinta a hargitse, ƙaramar tana kwance a cinyarta. Na durƙusa na ajiye a gabanta, na buɗe.

Ta duba. Ta daɗe tana dubawa. Ta sa yatsa ta taɓa man da ke sama, ta ɗaga tana kallon yadda yake gangarowa. Ta kai hanci. Sai ta buɗe baki ta fara magana da yarensu, da sauri, da ƙarfi, tana nuna kwanon, tana nuna sama, tana nuna ni. Tun ranar rasuwar ban ji muryarta ta fito haka ba. Mijin yana tsaye a bakin ƙofa, ya sunkuyar da kai, na ga kafaɗarsa tana rawa.

Da ta gaji ta juyo da Turanci. "Besina. Me kika yi masa?"

Na ce, "Ƙarasa miki na yi."

"Ƙarasawa?"

"Na soya. Ke ba ki da lokaci, ga yara."

Ta dafe kai. "An gasa shi. An niƙa shi. Kin kuma soya shi. Me ya yi miki? Kin kashe shi, Besina. Kin kashe shi sau uku."

Mijin ya kasa riƙe dariya, ya fita baranda. Ita kuma wani abu ya kama ta wanda ban san ko dariya ba ne ko kuka, tana yi tana riƙe ciki, hawaye yana zuba a kan yarinyar. Ni ban yi dariya ba. Ƙafafuna suna zogi, bayana kamar zai tsage, kuma raina ya sosu. Sai a lokacin na gane mahaifiyarta ma a nan take tsayawa, da kakarta, da duk garinsu. Ba su gaji ba ne. Abincinsu ke nan.

Ta sake sunsunawa ta yamutsa fuska. "Wannan warin kuma na mene ne?"

Na ce, "Daddawa ce. Mahaifiyata ce ta ba ni. Ita ke nan ta rage."

Ta dube ni sosai, irin kallon da ba ta yi wa kowa ba a kwanakin nan. Ta ɗauki murfin ta rufe kwanon a hankali, ta tura shi gefe kamar abin da zai fashe. Ta share fuska da bakin rigarta.

"Akwai sauran tumatir?"

Na ce akwai.

"Kawo." Ta kira mijin ta miƙa masa yarinyar, ta dafa bango ta miƙe. Ina bakin ƙofa ta ƙara da cewa, "Kar ki kawo mai."

Ba ta iya tsayuwa ba, jiri yana ɗibarta, sai muka jawo mata kujera kusa da murhu. Ni ke gasawa, ita ke ba da umarni. Na sa cokali zan juya, ta ce da hannu. Na fara ɓare baƙar fatar don in tsabtace, ta buge mini hannu, ta ce a nan daɗin yake. Da aka zo niƙa, na jawo turmin dutsen gabana, ta janye shi ta ɗora a cinyarta. Ta ce ni duka nake yi kamar ina faɗa da shi. Ta nuna mini: a danna, a murɗa wuyan hannu, a danna, a murɗa. Hannunta bai manta ba. Tana yi tana magana, rabi da Turanci rabi da yarensu, ban damu da in gane duka ba. Na dai gane cewa uwar ba ta taɓa ƙonewa ba, wai yatsunta sun zama kamar fata. Na gane tana waƙa idan tana niƙa, kuma muryarta ba ta da daɗi, har maƙwabta suna tsokanarta. Na gane takan ce barkono biyu na masu lafiya ne, uku na masu baƙin ciki. Uwar Biyu ta jefa na ukun.

Ta barbaɗa gishiri, ta lakato da yatsa daga jikin dutsen ta ɗanɗana. Na ɗauke kaina kamar ban gani ba, ina ta hamdala a zuci. Ta ce bai ji ba, ta ƙara, ta sake ɗanɗanawa. Ta matsa lemo, ta sake. Ta ce in ɗumama gurasar, kuma kar in bar ta ta bushe. Kafin in juya ta biyu, ta riga ta yagi ta farko.

A hankali ta ci, tana tsayawa tana numfashi, barkonon yana sa ta jan hanci. Mijin yana jijjiga yarinyar a kafaɗa yana kallon taga, don kar idonsa ya sa ta fasa. Ta ci ta biyu. Ta nemi ruwa da kanta. Sannan ta yago wata ta dangwalo sosai ta miƙo mini.

Na yi bisimilla, wannan karon na tauna. Akwai hayaƙi a ciki, da zaƙin tumatirin da wuta ta taɓa, da tsami mai wartsakarwa, sai yajin ya biyo baya ya kama mini maƙogwaro. Ba zan yi ƙarya ba, yana da daɗi. Amma harshena yana ta lalube yana neman mai.

Na ce, "Da dai an ɗan sa masa ko cokali ɗaya..."

Ta ce, "Ki ci ki yi shiru."

Da na koma ɗakina la'asar ta kusa fita. Tukunya tana jira, turmi yana jira, mai ya fantsama a bango, ƙaramin ya zubar da garin masara a kan kafet, maigida ya yi barci a zaune da littafi a ƙirji. Na yi alwala na yi salla, na daɗe a zaune a kan darduma don na kasa tashi. Na yi wa mahaifiyata addu'ar tsawon rai. Tuwon dare ranar ban tuƙa ba, burodi da shayi aka sha.

Nonon bai dawo a ranar ba, bai dawo washegari ba. Ranar Litinin sai da maigida ya fasa zuwa aji ya kai su wani ƙaramin asibiti da ba a cika tambaya ba, aka duba yarinyar, aka ba mu wani ruwa muna ɗiga mata a baki kaɗan-kaɗan. Ni kuma kullum da hantsi ina tsaye a gaban kaskonta ina ƙona yatsu, ita tana zaune tana niƙa tana gyara mini. Wata rana ta ci da yawa, wata rana ta yagi ɗaya ta koma ta kwanta. Ta fara karɓar kunun ma. Ban san sau nawa na tsallaka tsakanin ƙofofin nan ba, da goyo a baya da wata a kafaɗa. Har a cikin salla sai in ji kamar kukan ƙaramar nake ji.

Wata safiya, bayan motar makaranta ta tafi, ina tsaye a kan wanke-wanke na ji ana taɓa ƙofa da ƙafa. Na buɗe. Uwar Biyu ce, babbar a hannu ɗaya tana wutsil-wutsil, ƙaramar a ɗayan ta yi barci, bakinta a buɗe, farin nono ya gangaro ta gefen kumatunta har wuya. Gaban rigar uwar ya jiƙe sharkaf ta ɓangare biyu. Ta nuna mini da haɓa.

Na ce, "Alhamdu lillahi."

Ta ce, "Besina, barci." Ta miƙo mini babbar.

Na karɓa, na jawo zani na goya ta, na ji ta rufe ƙofarta. Na koma kan kwanukana.